Yadda ake shirya tafiyar hawan dutse da kallon bikin gargajiya a Tula da Kaltungo

Tunda muka dawo daga Tula, garin kan duwatsu da ke gaba da Kaltungo a jihar Gombe, tambaya ɗaya ake ta min, a waya, a majalisa, har wajen ɗaurin aure wani ya ja ni gefe, wai ya ake zuwa, nawa ake kashewa, wa ake gani in an je. Na gaji da maimaitawa gaskiya, shi yasa na ce bari in zauna in jera abin daki-daki yadda muke yi, wanda zai je ya bi. Sau uku ina zuwa, na farkon kam wahala muka sha don kai tsaye muka tafi kamar masu zuwa kasuwar Kumo, kuma yawancin gargaɗin da zaku gani a ƙasa daga wannan tafiyar na samo su.

1. Zaɓen lokaci

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu shi ne lokacin. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe ba santsi, an yi girbi ciyawa ta fara kwanciya kana ganin inda kake taka ƙafa, sannan bukukuwan yankin irin su Pissi Tangale a Billiri da Pan-Mana a Kaltungo da bikin al'adun Tula galibi ƙarshen shekara ake yin su lokacin da 'yan gari na nesa suka dawo gida hutu. Ranar takan canza daga shekara zuwa shekara, fada da kwamitin biki ne ke sanarwa, saboda haka kar ka ɗauki ranar bara ka yi shatar mota a kanta.

Gargaɗi: kar ka sa hawan dutse safiyar Lahadi. Mafi yawan samarin da zasu raka ka suna coci, zaka zauna gindin bishiya har azahar kana jira rana ta gama buɗewa. Juma'a ma ga masallaci. Asabar ta fi, ko tsakiyar mako. Maris da Afrilu kuwa ka manta kawai, zafin nan ba na wasa bane, dutsen kansa huci yake.

2. Haɗa mutane da kuɗi

Mutum 10 zuwa 14 sun isa. In kuka wuce haka sai an yi mota biyu, kuma mota biyu rigima biyu ce, ɗaya ta tsaya shan mai ɗaya ta wuce. Buɗe guruf na WhatsApp, a naɗa mutum uku: shugaban tafiya wanda in ya ce a juya an juya, ma'aji, da mai kula da jakar magani. A sa ranar rufe karɓar kuɗi mako guda kafin tafiya. Wanda ya ce "ku sa da ni zan bayar a mota" kar a lissafa shi, wallahi irinsu ne ke kashe waya da asuba a bar ku da giɓin kujera.

Farashi yanzu baya zama wuri ɗaya, don haka gara in nuna maka yadda ake lissafin da in baka lambar da gobe zata tashi. Gombe zuwa Tula wajen kilomita 100 ne, zuwa da dawowa 200, ka ƙara 40 na zirga-zirgar cikin gari. Homa in ta cika da mutane kuma tana hawa, a yadda muka gani, lita ɗaya bata wuce kilomita 6 zuwa 7, kaga kana maganar lita 35 zuwa 40 kenan, sai ka ninka da kuɗin lita na ranar, ka ɗora kuɗin shatar motar da abincin direba.

Ga misali kawai don ka ga yadda ake rabon: mutum 14 kowa ya kawo N20,000, an tara N280,000. Rabi, wato N140,000, na mota da mai. N60,000 abinci da ruwa. N30,000 na 'yan rakiya da gaisuwar manya. N10,000 magani. Sauran N40,000 ma'aji ya ƙulle su, na ko-ta-kwana ne, ba na tsire bane. In za a kwana sai a ƙara kuɗin masauki daban. Kuɗin tsaraba kowa ya riƙe nasa.

Gargaɗi: ku ciri tsabar kuɗi tun a Gombe ko a Kaltungo, kuma a nemi canji 'yan 200 da 500. A saman dutse sabis yana zuwa yana ɗaukewa, tsohuwar da ke sayar da tukunya kuma ba ruwanta da tiransifa.

3. Neman ɗan gari tun kafin a tashi

Nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta lalace, shi yasa zan ɗan daɗe a nan. Duwatsun nan ba daji bane da ba mai shi. Kowane tudu na wani dangi ne, kowane lungu gonar wani ce, akwai tsofaffin kufai inda kakanninsu suka zauna, akwai makabarta, akwai wuraren da su kansu 'yan garin ba kowa ke shiga ba. Kai da ka zo daga Tudun Wada ko Jekadafari a cikin garin Gombe duk dutse ɗaya kake gani. To dole sai da ɗan gari.

Samunsa ba wuya. A Gombe ba ofis ko makaranta ko asibitin da zaka shiga baka samu ɗan Tula ko ɗan Kaltungo ba, ka tambayi abokin aikinka ya haɗa ka da ƙaninsa ko ɗan yayansa da ke gida, wanda yake noma a kan dutsen ko yake farauta. Wannan ya fi maka wanda ka tsinta a bakin tasha sau goma, don akwai wanda zai ji kunya in wani abu ya faru. Ka kira shi mako biyu kafin ranar, ka faɗa masa ku nawa ne, mata nawa, akwai mai ciwon ƙafa ko asma, awa nawa kuke so ku yi a sama. Sannan ka tambaye shi Tula ɗin wanne, don Tula kashi uku ce, Wange da Baule da Yiri, kuma ɗan Wange ba lallai ya san lungunan Yiri ba.

Ku yanke kuɗinsa tun a waya, a faɗi lamba ƙarara, kuma a ce shi da mutum ɗaya zai zo, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ka tura masa ɗan kuɗin kati ya san da gaske kake.

Gargaɗi: kar ka ce "in mun zo ma daidaita". Mu mun yi haka a tafiyar farko, yaron ya raka mu tsakani da Allah, da muka sauko sai ga abokansa huɗu kowa ya ce shi ma ya riƙe jaka, muka tsaya ciniki gaban mutane har abin ya zama abin kunya. Laifinmu ne, mu ne bamu yi magana ba tun farko.

4. Mota da direba

Hanyar ita ce titin Gombe zuwa Yola: Kumo, Billiri, Kaltungo wajen kilomita 70, ka wuce gaba kaɗan sannan a ratse a kama hanyar da ke hawa Tula. Wannan hawan yana da kwana-kwana, saboda haka ka nemi direban da ya taɓa hawa, ka tambaye shi kai tsaye. Ana gobe tafiya ka je da kanka ka ga motar: birki, tayoyi, safaya mai iska a ciki ba wadda ta kwana wata uku a sace ba, jak, abin kwance taya, ruwan lagireto da galan ɗaya na ƙari. A cika tanki a Gombe.

A tashi da an idar da sallar asuba. A Disamba rana tana fitowa wajen 6:30 ta faɗi wajen 6:00 na yamma, yinin gajere ne, in kuka bar Gombe ƙarfe 9 kun riga kun yi asarar sanyin safiya. Kowa ya riƙe katin shaidarsa don akwai shingayen jami'an tsaro a hanya.

Kafin ku shiga Kaltungo zaku fara hango Dutsen Kilang, wani tsini da ya miƙe sama shi kaɗai kamar an dasa shi. Ku tsaya ku yi hoto daga ƙasa. Ƙololuwarsa ba ta masu kambas da jakar makaranta ba ce, kar wani ya zuga ku.

Gargaɗi na saukowa: direba ya sa ƙaramar giya ya bar injin ya riƙe motar. Wanda ya saki mota a firi yana taka birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Mu mun ji ƙaurin da hancinmu, sai da muka tsaya rabin awa ya huce. In ka ji ƙauri ka yi magana, ba rashin kunya bane.

5. Kayan da kowa zai ɗauka

Ruwa lita 3 ga kowane mutum, wato fiya wata 6. Ledar fiya wata guda 20 ce, lita 10 kenan, mutum 14 ku sayi leda 6, huɗu da ɗoriya a raba a jakunkuna sauran a bari a mota na dawowa. Kowa ya goya nasa, kar a tara wa mutum ɗaya.

Takalmi kambas wanda ya rufe ƙafa, mai kaushin ƙasa da baya zamewa, da safa mai kauri, kuma wanda ka saba sawa. Sabon takalmi a kan dutse bororo yake kawowa kafin awa ɗaya. Silifas da takalmin roba mai santsi a bar su a mota. Dogon wando mai kauri irin jins saboda ƙarangiya da ƙaya da abin da zan faɗa a mataki na 8. Mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin ya zama madaidaici wanda ba zai riƙa kama ƙaya ko ya shiga ƙarƙashin ƙafa ba. Rigar sanyi dole, saman Tula da safe a hunturu sanyinsa ya fi na cikin Gombe nesa ba kusa ba. Sai hula, man kaɗe ko basilin na leɓe, tocila, fawa bank, sanda, da babbar leda ta kwashe shara.

Abinci wanda baya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, burodi, dafaffen ƙwai, dambun nama, lemo. Shinkafa a kula a bar ta a mota sai an sauko, cin tuwo ko shinkafa kafin hawa nauyi yake sa wa.

Jakar magani: filasta, bandeji, auduga, aidin, farasitamol, ORS. In ORS ya ƙare ana haɗawa, ruwa lita 1, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, hazo da ƙura suna tayar da ita.

Gargaɗi: ranar hawa a haƙura da turare. Akwai zuma a kogunan duwatsu da ramukan bishiya, ƙamshi da hayaniya suna tayar da su, kuma in suka taso a kan gangare ba wajen gudu.

6. Gaisuwa da neman izini

Da kun isa kar kowa ya watse ɗaukar hoto. Ɗan rakiyarku ya kai ku wajen mai unguwa ko dagaci, mutum uku sun isa su shiga, sauran su jira a mota. A cire takalmi, a durƙusa, a gaisa da Hausa kowa yana ji. Maganar gajeriya ce: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Gombe, mun zo ganin gari da duwatsu, muna neman izini, ga yaronku shi zai raka mu." Ku ajiye 'yar gaisuwa, goro ko suga ko sabulu ko ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan. Sau da yawa shi da kansa zai ce muku kar ku bi ta wuri kaza, to ku riƙe wannan da kyau. In kuna da yawa ko kun zo da kyamarori manya, ko kuna son gaida Mai Tula ko Mai Kaltungo, wannan sai an rubuta wa fada takarda tun da wuri, ba a faɗa wa sarki haka kawai. Shugaban tafiya kuma ya leƙa ofishin 'yan sanda ya bar sunansa da yawan mutanensa da lokacin da kuke sa ran saukowa, minti goma ne.

Gargaɗi: zancen sarauta, zancen iyakar gona tsakanin wannan gari da wancan, zancen addini da siyasa, duk ba naka bane. In an fara a gabanka ka yi murmushi ka tambayi sunan wancan dutsen. Sannan akwai gidan yari a Tula tun na zamanin Turawa, wurin hukuma ne, kar ka ɗaga waya ka saita shi, haka ma shingen jami'an tsaro. Mai ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto daga sama kar ya tayar da shi sai ya nemi izini.

7. Hawan kansa

A jera layi ɗaya. Ɗan gari a gaba, mafi rauni a bayansa kai tsaye don shi ne zai saita saurin kowa, ƙarfafan samari a baya tare da ɗan rakiya na biyu. In ka bar masu ƙarfi a gaba zasu ɓace, na baya su yi ta haki suna bin sawun da basu gani. Duk minti 30 a tsaya minti 5, a kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan ko ba a jin ƙishi, don iskar hunturu tana busar da mutum bai sani ba. A ƙirga kai duk inda aka tsaya.

Tun a ƙasa a yanke lokacin juyowa, mu ƙarfe 12 muke sawa, ko an kai inda ake so ko ba a kai ba. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa don ƙafa ta gaji ga tsakuwa tana gangarawa. A sauko a karkace, a bar tazara tsakanin mutum da mutum, wanda ya tunkuɗo dutse ya yi ihu na ƙasa su kauce.

Abin da ni ya fi burge ni a Tula ba nisan da ake hangowa bane, gonakin ne. Mutanen nan sun jera duwatsu da hannu layi-layi a jikin tudu kamar matakala, kowane layi yana tare ƙasa da ruwa kar su gangare, a haka suke noma inda kai zaka rantse akuya ma sai ta yi tunani. Ka tsaya ka kalli yadda aka ɗora dutse kan dutse ba siminti ba komai, ka sa ɗan rakiya ya nuna maka wanda kakansa ya jera da wanda aka gyara bana.

Gargaɗi a nan: kar ka taka bakin jerin duwatsun nan ko ka zauna a kai don hoto. Dutse ɗaya in ya zame layin yake warwarewa, aikin kwana da kwanaki ka jawo wa mai gona. Bi ta inda ɗan gari ya bi. Kar a tsinki komai a gona, ko gyaɗar da aka bari a ƙasa ce. Mai shan sigari ya haƙura, ciyawa a bushe take ƙayau kuma wasu basu gama kwashe amfaninsu ba, wuta ɗaya ta isa ta jawo muku abin da baku da kuɗin biya. In kun shiga kogo kuka ga tsofaffin tukwane ko dutsen niƙa ko wani ƙarfe, ido kawai. Na mutane ne, wasu na al'ada ne, kuma dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana ɗauka ko cinikin irin waɗannan.

Sallah kuwa a ɗauki 'yar darduma mara nauyi, a ware ruwan alwala daban da na sha ko a yi taimama in ya ƙare. Alƙibla daga nan gabas ce da ɗan karkata arewa.

8. Maciji

Ba tsoratarwa nake ba amma yankin Kaltungo an san shi da kububuwa, wadda wasu ke ce wa gobe da nisa, shi yasa ma asibitin masu saran maciji yake a garin. Ƙarama ce, kalar ƙasa da tsakuwa, tana kwanciya ƙarƙashin dutse da tarin kara da ciyawar da aka nome. Saboda ita na ce kambas da safa da dogon wando. Kar ka zura hannu ramin da baka gani, kar ka ɗaga dutse, kafin ka zauna ka bubbuga wurin da sanda, wanda zai zaga bayan gari kar ya kutsa cikin duhuwa, da dare kuma ba a taku ɗaya sai da tocila.

In tsautsayi ya faɗa, ga abin yi a jere. A janye mutumin daga wurin. A kwantar masa da hankali ya daina motsi. A cire zobe, agogo, takalmi kafin wurin ya kumbura. A ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda kamar karaya don kar ya riƙa lanƙwasawa. A ɗauke shi, kar ya taka da kansa in da hali, a sa a mota sai asibitin Kaltungo kai tsaye. A riƙe lokacin da abin ya faru don za a tambaya.

Abin da ba a yi: ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa, ba a tsayawa neman mai magani a ƙauye, ba a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, to ka tsaga wurin me ka yi kenan? Saboda wannan dalilin ma ba a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, farasitamol kawai. Kuma ko ya ce ya ji sauƙi a tafi asibitin, don sau da yawa mutum yana zaune lafiya sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi. A asibiti suna ɗibar jini su ajiye minti 20 su ga ko zai daskare, daga nan su san ko za a yi allurar kashe dafi. Wannan ne ya sa direba baya barin inda aka ajiye shi, kuma mota tana fuskantar hanyar fita da makulli a hannunsa.

9. Filin biki

In kun haɗa da biki, ku yi hawan ranar farko, bikin rana ta biyu, haɗa su rana ɗaya gajiya ce kawai ba abin da zaka gani. Masauki a nema a Kaltungo ko Billiri kuma a kama tun da wuri don lokacin biki ɗakuna ƙarewa suke, in ba a samu ba a koma Gombe a dawo da safe.

A je fili da wuri kafin manyan baƙi su iso a toshe hanya. A ajiye mota nesa kaɗan ta bakin fita. Rumfuna da kujerun gaba na sarakuna ne da baƙin fada, ɗan rakiyarku ya nuna muku inda zaku tsaya. A sa wata bishiya ko wani shago a matsayin mahaɗa in an rabu, don waya bata shiga in taro ya cika. Waya da kuɗi a aljihun gaba.

Ƙungiyoyin rawa suna fitowa ne gari-gari ko unguwa-unguwa, kowa da kiɗansa da shigarsa, kuma daɗin kallon yana wajen wanda yake da mai yi masa bayani a kunne, wannan rawar ta girbi ce, wannan ta mafarauta ce, waccan ta mata ce. Ba tare da shi ba duk tsalle ɗaya zaka gani. Ka saya masa ruwa ka riƙe shi kusa.

Gargaɗi: kar ka shiga tsakiyar fili da waya kana bin masu rawa har kana tare wa sarki gani, dogarai zasu fitar da kai kuma da gaskiyarsu. Hoton mutum ɗaya, musamman tsohuwa ko budurwa cikin shigar gargajiya, sai ka tambaya, "Mama, in ɗauke ki hoto?" in ta ce a'a shikenan. Wanda ka ɗauka kuma kar ka je ka sa a TikTok da rubutun izgili kan shigarsu ko addininsu, suna gani, 'ya'yansu suna makaranta ɗaya da ƙannenka, kuma wanda zai zo bayanka shi zai sha fushin. In mafarauta sun fito da bindigar gargajiya ko an sako dawaki a ja baya, a riƙe yara. Mai son yi wa makaɗa kyauta ya miƙa a hannu ko ya sa a ƙwaryar da suka ajiye, liƙi da watsa naira ana takawa laifi ne a dokar Babban Banki ta 2007 kuma an kama mutane a kai. Batun abinci, gari ne na Musulmi da Kirista da masu gargajiya, akwai rumfar burkutu akwai naman da ba kowa ke ci ba, ka tambayi ɗan rakiya cikin ladabi ina mai abincin da ya dace da kai, ba sai ka yatsina fuska ba.

10. Sayen kayan hannu

A bar sayayya sai ƙarshe don kar a yi ta yawo da tukunya a cikin taro. Tukunya ko tulu, ka ɗora a tafin hannu ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ta yi ƙara siririya mai tsawo ta gasu, in ta yi bif kamar ka bugi kabewa akwai tsaga a ɓoye ko wuta bata ci ta ba. Ka duba gindi da wuya, nan tsaga take ɓuya. Ƙwarya ka ɗaga ta saitin rana ka leƙa ciki, ramin ƙwaro zai nuna haske, sannan ka shafa zanen, na wuƙa mai zafi yana da zurfi a jiki baya gogewa, na fenti kuwa wanki biyu ya tafi. Faifai da kwando bakin ake dubawa, in ɗinkin bakin ya yi sako-sako daga nan zai fara warwarewa.

Ciniki a yi, al'ada ce, amma da sauƙi. Matar nan ta haƙo yumɓu, ta gina, ta jira ya bushe, ta nemo itace ta gasa, wasu suka fashe a wuta, ta ɗauko a ka ta sauko da su. Ka ce "Mama, nawa za ki bar min?" in ta rage ɗan abu ka biya. Ni haushi nake ji in ga mutum da wayar dubu ɗari uku yana ja-in-ja kan naira 200. In zaka iya ka sayi daga hannun mai yin, ka tambayi sunan ƙauyensu ka rubuta don wani zai ga kayan a gidanka ya ce a ina.

Gargaɗi: tukunya bata shiga but tsirara. A nemi kwali, a cusa busasshiyar ciyawa ko tsumma ciki da waje, a kife ta baki ƙasa, ƙananan kuma a rungume a cinya. Tulu biyu na saya a zuwan farko na sa ƙarƙashin kujera, kafin Billiri sun zama katanga. In an kai gida a jiƙa sabuwar tukunya ta kwana da ruwa, a fara dafa ruwan dusa ko kamu a ciki a ƙaramar wuta kafin a ɗora mata girki na gaske.

11. Sallama da komowa

A kwashe duk ledar fiya wata da gwangwani a babbar ledar nan a taho da ita, awaki suna cin leda ta kashe su. A biya 'yan rakiya a gefe, ba gaban jama'a ba, cikakken abin da aka yi alkawari, in sun kyauta a ɗora wani abu, ragowar ruwa da burodi a ba yaran da suka yi ta binku. A koma a yi wa mai unguwa sallama ko da a tsaye ne, a kira ofishin 'yan sanda a ce an sauko.

A bar Tula kafin 4:00 na yamma don a gama gangaren da ido, a wuce Kumo kafin duhu ya yi sosai, titin nan da dare manyan motoci ne da fitila mai kashe ido. A ƙirga kai kafin a rufe ƙofa, sannan a sake ƙirgawa bayan an tsaya sallah. Washegari ma'aji ya saka lissafi a guruf, abin da ya shigo, abin da ya fita, ragowar ko-ta-kwana a mayar wa kowa nasa ko a amince a ajiye na tafiya ta gaba. Hotunan da aka ɗauki 'yan gari kuma a tura wa ɗan rakiya ya nuna musu, in da hali a wanke guda biyar ko shida a ba direban Kaltungo ya kai masa.